Yadda ake sauya tsarin autofs na cibiya a kan kwamfuta guda ba tare da an raba ta da garke ba

A ofisoshin da ke da hedikwata a Yamai da reshe a nan Damagaram, an saba ganin ma'aikaci ya zauna gaban kwamfutarsa da safe, ya rubuta sunansa da kalmar sirri, sannan ya harɗe hannu yana jiran allo ya buɗe, alhali kwamfutar lafiyarta ƙalau. Abin da take jira shi ne foldar gidansa, wadda ke zaune a kan wata uwar garke mai nisan kusan kilomita 900, kuma sai rezo ya yarda kafin ta iso. Wanda ya tsara abin daga can bai yi kuskure ba, domin tattara fayilolin kowa a wuri ɗaya shi ke sa a iya adana su da kare su. Sai dai akwai kwamfutocin da wannan tsari ba ya yi musu daidai, kamar ta tafi-da-gidanka da ake ɗauka zuwa Magarya ko Tanut a yi kwanaki ba tare da ta ga rezon ofis ba, ko kuma wadda ake sarrafa manyan hotuna a kanta, wadda duk fayil ɗin da ta buɗe sai ya ratsa ƙasar nan daga yamma zuwa gabas.

Wannan jagora ta shafi kwamfutocin Linux da ke amfani da autofs, inda umarnin abin da za a ɗora yake fitowa daga cibiya ta hanyar LDAP, FreeIPA ko tsohon NIS, wato tsare-tsaren da ke ajiye sunayen ma'aikata da umarnin kwamfutoci a wuri ɗaya. Manufar ita ce a canza halin kwamfuta guda a wurin da ake bukata kaɗai, sauran umarnin cibiya kuma ya ci gaba da isowa gare ta.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashi

NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1984, hanya ce ta sa foldar da ke kan wata kwamfuta ta bayyana a kan taka kamar a cikin faifanka take. Shi kuwa autofs aikinsa shi ne ya jinkirta ɗora foldar har sai wani ya nemi shiga cikinta, ya kuma sauke ta idan ta daɗe ba a taɓa ta ba. Manhajar da ke wannan aiki a ɓoye sunanta `automount`, kuma tana bin wasu jerin umarni da ake kira taswirori. Akwai babbar taswira, `auto.master`, wadda ke faɗin wuraren da autofs ke gadi da sunan ƙaramar taswirar kowane wuri. A cikin ƙananan taswirorin kowane layi yana da mabuɗi, wato sunan foldar, da zaɓuɓɓukan ɗorawa, da adireshin inda foldar take.

Doka ɗaya ce ke riƙe da duk abin da zai biyo baya, kuma wanda ya fahimce ta ya gama rabin aikin: idan wuri ɗaya ya bayyana sau biyu a babbar taswira, autofs yana ɗaukar wanda ya fara gani, na biyun kuma ya yi watsi da shi ya rubuta hakan a kundin rahotonsa. Saboda haka sauya umarnin cibiya ba ya bukatar a goge komai a can. Abin da ake bukata shi ne maganarka ta riga ta cibiya shiga kunnen autofs.

Mataki na farko: ka ga abin da cibiya ke faɗa

Kada ka buɗe kowane fayil don gyara kafin ka karanta abin da kwamfutar ke karɓa a yanzu. Ka shiga a matsayin root, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, ka ba da waɗannan umarni:

```
grep automount /etc/nsswitch.conf
cat /etc/auto.master
automount -m
findmnt -t autofs,nfs,nfs4
```

Na ukun shi ne mafi muhimmanci, domin yana zayyano kowane wurin ɗorawa, da inda taswirarsa ta fito, da layukan da ke cikinta. Ka adana abin da ya fito a wani fayil, misali `automount -m > /root/autofs-kafin-gyara.txt`, saboda da shi za ka kwatanta bayan ka gama. Idan cibiyar FreeIPA ce kuma kana da izinin dubawa, `ipa automountlocation-tofiles default` zai nuna maka taswirorin a siffar fayiloli, a NIS kuwa `ypcat -k auto.master` da `ypcat -k auto.home` ke yin wannan aiki.

Bari mu ɗauka abin da ka gani ya yi kama da wannan, kuma da shi za mu yi misali har ƙarshe:

```
/home     auto.home      -nosuid --timeout=600
/ayyuka   auto.ayyuka
/-        auto.direct
```

sannan a cikin `auto.home` akwai layi ɗaya tak, `*  nfs-yamai:/export/home/&`, wanda ma'anarsa ita ce duk sunan da aka nema a ƙarƙashin `/home` a je a ɗauko foldar mai wannan suna daga uwar garken Yamai. Ka lura da abin da ke bayan sunan taswira a layin farko, wato `-nosuid` da `--timeout=600`. Za mu dawo kansu.

Mataki na biyu: ka tanadi hanyar komawa

Wanda zai taɓa `/home` alhali shi kansa yana zaune a cikinsa kamar mai sare reshen da yake kai ne. Ka buɗe tashar root ta dabam wadda ba ta dogara da foldar da ke kan rezo ba, ka koma `/root` da `cd`, kuma kada ka rufe ta sai an gama gwaji. Ka kwafi `/etc/auto.master` da `/etc/nsswitch.conf` zuwa wani wuri. Idan lokacin zafi ne, watannin Afrilu da Mayu da wuta ke yawan ɗaukewa, ka tabbata kwamfutar tana kan batirin ajiya kafin ka fara kwafar fayilolin mutane.

Akwai kuma abin da ba na fasaha ba, wanda a ganina ya fi sauran nauyi: ka sanar da masu kula da cibiya kafin ka yi. Foldar da ka janye daga uwar garken Yamai ta fita daga cikin abin da suke adanawa kowane dare, kuma ranar da faifan kwamfutar ya mutu za a tambaye su fayilolin da ba su ma san sun bar hannunsu ba.

Mataki na uku: jerin wuraren tambaya

Layin `automount` da ke cikin `/etc/nsswitch.conf` shi ke faɗa wa autofs inda zai fara neman taswira. Abin da kake so ka gani shi ne:

```
automount: files sss
```

ko `files ldap`, ko `files nis`, gwargwadon abin da ofishinku ke amfani da shi (`sss` na nufin SSSD, manhajar da ke ɗauko wa kwamfutar bayanai daga cibiya ta kuma adana su). Muddin `files` ne a gaba, za a fara karanta `/etc/auto.master` na kwamfutar, kuma layin `+auto.master` da ke ƙarshensa shi ne ƙofar da taswirar cibiya ke shigowa ta cikinta. Idan kuwa ka tarar da `sss files`, to ana ɗaukar babbar taswira daga cibiya kai tsaye, kuma duk abin da za ka rubuta a fayil ɗinka zai iya zama maganar da ba mai sauraro.

A kan Debian da Ubuntu gyara layin da hannu ya wadatar. A kan Red Hat da danginsa irin su Rocky da AlmaLinux, tun daga fitowa ta 8, wata manhaja mai suna `authselect` ce ke rubuta wannan fayil, kuma gyaran hannu yana iya ɓacewa ranar da aka sake kunna ta. Ka duba da `authselect current`, kuma idan ita ke riƙe da fayil ɗin, ka ƙirƙiri naka tsarin da `authselect create-profile` bisa wanda ake amfani da shi, ka gyara layin a can, sannan ka zaɓe shi.

Daga nan ka tabbata `/etc/auto.master` ya ƙare da waɗannan layuka biyu a wannan jeri:

```
+dir:/etc/auto.master.d
+auto.master
```

Na farkon yana jawo duk fayil ɗin da ke cikin wannan folda wanda sunansa ya ƙare da `.autofs`, kuma da yake yana sama da na biyun, duk abin da ka ajiye a can ya riga cibiya. Ina ba da shawarar a riƙa yin gyara a cikin wannan folda maimakon a cikin `auto.master` kansa, saboda dalilai biyu. Idan cibiya tana amfani da Ansible ko Puppet wajen daidaita kwamfutoci, babban fayil ɗin ne suka fi mayarwa yadda yake. Sannan ranar da aka so janye gyaran, goge fayil ɗaya ya fi sauƙi a kan neman layuka a cikin fayil ɗin da hannaye da yawa suka taɓa.

Mataki na huɗu: sauya mabuɗi ɗaya ko biyu, sauran su zauna yadda suke

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin bukatu, don haka zan daɗe a kanta. A ce kwamfutar sakatare ce ake so foldar gidansa ta zauna a faifan kwamfutar, ta ma'aji kuma ta fito daga wata ƙaramar uwar garke da ke cikin ofishin reshe, amma duk wani baƙo daga Yamai da ya zauna a kanta ya tarar da foldarsa ta can kamar kullum.

Ka ƙirƙiri `/etc/auto.master.d/10-gida.autofs` da wannan layi:

```
/home   /etc/auto.home   -nosuid --timeout=600
```

Ga dalilin da ya sa na ce a lura da zaɓuɓɓukan da ke layin cibiya. Da zarar layinka ya riga nasu, an yi watsi da layinsu gaba ɗaya, har da abin da ke wutsiyarsa. Idan ba ka kwafo `-nosuid` ba, ka cire wata kariya da suka sa da gangan, wadda ke hana fayil ɗin da ke cikin foldar wani ya yi aiki da ikon root, kuma babu wani saƙo da zai faɗakar da kai.

Sai ka rubuta `/etc/auto.home` kamar haka:

```
# An sauya don reshen Damagaram, da sanin cibiya
sakatare   -fstype=bind        :/srv/gida/sakatare
maaji      -rw,hard,vers=4.2   nfs-zinder:/export/home/maaji
+auto.home
```

Layin sakatare yana cewa a ɗauki foldar da ke kan faifan wannan kwamfuta a nuna ta a `/home/sakatare`, kuma alamar ɗigo biyu da ke gaban adireshin ita ce ke nuna cewa ba wata uwar garke a cikin maganar. Dole ne foldar ta zauna a wajen `/home`, domin muddin autofs na gadin `/home` ba za ka iya ƙirƙirar folda a cikinsa da `mkdir` ba, kuma abin da ke ƙarƙashinsa a faifai yana ɓoye. Layi na ƙarshe, `+auto.home`, shi ne igiyar da ke riƙe da kwamfutar a cikin garke. Mutum zai iya tsammanin fayil mai suna `auto.home` da ke kiran `auto.home` zai yi ta zagaye kansa, amma autofs ya san wannan, yana tsallake fayil ɗin da yake karantawa ya wuce zuwa wuri na gaba a jerin `nsswitch.conf`, wato cibiya.

Matsayin wannan layi a cikin fayil ba abin wasa ba ne. Taswirar cibiya tana da tauraro, wato alamar `*`, kuma tauraro yana amsa kowane suna, don haka idan ka sa `+auto.home` a sama, za a amsa sunan sakatare daga Yamai tun kafin a kai ga layinka. Haka kuma ban ga hikimar ka sa naka tauraron a wannan fayil ba muddin kana son taswirar cibiya ta ci gaba da aiki. Ka rubuta sunayen da kake nufi ɗaya bayan ɗaya, ko da sun kai goma.

Bayan ka adana fayil ɗin ka ba shi `chmod 644 /etc/auto.home`. Wannan ƙaramin abu ya sha cinye wa mutane yini guda, saboda idan fayil ɗin taswira yana da izinin aiwatarwa, autofs yana ɗaukarsa a matsayin manhajar da zai kunna ta ba shi amsa, ba rubutun da zai karanta ba. Fayilolin da aka kwafo daga filashi sukan zo da wannan izini a manne.

Kafin ka kunna sabon tsarin, ka kwaso kayan sakatare yayin da tsohuwar foldar ke nan, kuma shi ya fita daga duk kwamfutar da ya shiga:

```
mkdir -p /srv/gida
rsync -aH /home/sakatare/ /srv/gida/sakatare/
```

Mai yiwuwa wannan umarni ya ƙi aiki ko da kana root, domin yawancin uwayen garke suna mayar da root na wata kwamfuta ya zama ba kowa ba, abin da ake kira `root_squash`. Idan haka ta faru, ka ƙirƙiri `/srv/gida/sakatare` ka mallaka masa ita da `chown`, sannan a yi kwafin da sunansa. A kwamfutocin da tsarin tsaro na SELinux ke aiki, sai ka sanar da shi cewa sabon wurin daidai yake da `/home`, in ba haka ba shiga ta SSH da mabuɗi da wasu abubuwa za su riƙa ƙi ba tare da bayani ba:

```
semanage fcontext -a -e /home /srv/gida
restorecon -R /srv/gida
```

Game da `hard` da na sa a layin ma'aji, akwai jarabar da ke kama duk wanda ya gaji da kwamfuta mai sandarewa idan rezo ya yanke, wato ya mayar da shi `soft`. Da `hard` kwamfutar tana ta jira har uwar garke ta dawo, da `soft` kuwa tana haƙura bayan ƴan gwaje-gwaje ta mayar wa manhaja da kuskure, kuma idan manhajar tana tsakiyar rubuta fayil ne ana iya samun fayil ɗin a lalace. Ga foldar da ake karantawa kawai `soft` ba laifi, amma ga inda ma'aji ke ajiye lissafin kuɗi, garin neman gira ne za a rasa ido.

Idan zaɓuɓɓuka kaɗai kake son canzawa

Wani lokaci adireshin cibiya daidai yake, abin da bai dace ba shi ne yadda ake ɗorawa. A nan ba ka bukatar taswirarka, layi ɗaya a `/etc/auto.master.d/20-ayyuka.autofs` ya isa:

```
/ayyuka   auto.ayyuka   -ro --timeout=120
```

Da yake sunan taswirar ba ya farawa da `/`, autofs zai neme ta bisa jerin `nsswitch.conf`, ya duba `/etc/auto.ayyuka`, idan babu ya wuce cibiya. Ka tabbata babu wani tsohon fayil mai wannan suna da wani ya manta a `/etc`. Kuma idan layukan da ke cikin taswirar cibiya sun faɗi `rw` a fili, kada ka ɗauka `ro` ɗinka zai rinjaye su, ka duba abin da aka ɗora da gaske da `findmnt` ko `nfsstat -m`.

Soke wuri gaba ɗaya da -null

Ga kwamfutar tafi-da-gidanka da ke yawo tsakanin Mirya, Gure da Matamai, babu amfanin `/home` ya dogara da rezo ko kaɗan. Akwai wata taswira ta musamman da aka gina cikin autofs don wannan:

```
/home   -null
```

Wannan layi, idan ya zo kafin `+auto.master`, yana sa a yi watsi da layin `/home` na cibiya, sai `/home` ya koma folda ta yau da kullum a kan faifai. Sai dai ka tuna cewa sunayen ma'aikata har yanzu daga cibiya suke fitowa, kuma babu wanda ya ƙirƙira musu folda a faifan. A dangin Red Hat ka kunna `authselect enable-feature with-mkhomedir` tare da sabis ɗin `oddjobd`, a Debian da Ubuntu kuma `pam-auth-update --enable mkhomedir`, don a ƙirƙiri foldar a shigar farko. Ka kuma duba cewa `cache_credentials = true` yana cikin `sssd.conf`, sannan mai kwamfutar ya shiga sau ɗaya a ofis kafin tafiya, in ba haka ba zai isa ƙauye da kwamfutar da ba ta san shi ba.

Akwai tarko a cikin `-null` wanda ni kaina na taɓa faɗawa. Yana soke layi ɗaya ne kawai, wato na farkon da ya biyo bayansa mai wannan adireshi, ko na wane ne. A wani ofishi da na yi wa aiki, na rubuta `/home -null` da nufin in kashe na cibiya, sannan a ƙasansa na rubuta nawa layin `/home /etc/auto.home`, ina ganin na yi abin da ya fi tsabta. Sai `-null` ya haɗiye nawa layin, na cibiya kuma da ya zo na uku ya samu hanya a buɗe. Na yi ta sake kunna autofs tun bayan azahar har aka kira la'asar, sakataren yana tsaye a kaina da takardun da ake jira, kafin `automount -m` ya nuna mini cewa taswirata ba ta ma cikin lissafi. Idan kana son maye gurbi, layinka shi kaɗai ya isa. Idan kana son sokewa, `-null` shi kaɗai. Haɗa su biyun a wannan jeri yana mayar da kai inda ka fito.

Taswirorin kai-tsaye, waɗanda layinsu a babbar taswira ke farawa da `/-`, suna da nasu hali. Ana iya samun layukan `/-` da yawa kuma duka ana karɓarsu, don haka dokar wanda ya riga zuwa ba ta kashe taswirar cibiya a nan. Abin da ake yi shi ne a soke cikakken adireshin da ba a so, misali `/opt/kayan-aiki -null` a cikin foldar `auto.master.d`. Idan kana son wani abu dabam ya zauna a wannan adireshi, hanyar da ta fi sauƙin ganewa ga wanda zai gaje ka ita ce ka soke shi a autofs ka ɗora naka ta `/etc/fstab`.

Mataki na biyar: kunnawa da gwaji

Gyaran da aka yi cikin ƙaramar taswira irin `/etc/auto.home` autofs yakan gan shi da kansa a nema na gaba, amma duk abin da ya taɓa babbar taswira ko taswirar kai-tsaye sai an sanar da shi. `systemctl reload autofs` yana sa ya sake karantawa, amma idan ka canza taswirar wurin da yake gadi tun da farko, ko ka soke shi, na fi natsuwa da a fitar da kowa daga kwamfutar a sake kunna shi gaba ɗaya:

```
fuser -vm /home/sakatare
sss_cache -A
systemctl restart autofs
automount -m
```

Na farkon yana nuna manhajojin da ke riƙe da foldar, na biyun kuma yana sa SSSD ya ɗauki taswirorin da ya adana a matsayin tsofaffi ya nemi sababbi. Abin da ya fi rikita mutane a wannan mataki shi ne foldar da aka riga aka ɗora ba ta canza uwar garke don an gyara taswira. Tana nan manne da Yamai har sai an sauke ta, ko da `umount /home/sakatare`, ko da `pkill -USR1 automount` wanda ke sa a sauke duk abin da ba a amfani da shi a lokacin.

Gwajin kansa kashi biyu ne, kuma na biyun ne ake yawan mantawa. Ka shiga `/home/sakatare` da cikakken sunansa, ka duba da `findmnt /home/sakatare` cewa daga faifan kwamfutar ya fito. Sannan ka gwada sunan wani da ba ka taɓa ba, ka tabbata nasa har yanzu daga `nfs-yamai` yake zuwa, domin wannan ne shaidar cewa igiyar `+auto.home` ba ta tsinke ba. Kada ganin `/home` fanko da `ls` ya tsorata ka, foldar ba ta bayyana sai an kira ta da suna, sai fa idan an kunna `browse_mode`. A ƙarshe ka kashe kwamfutar ka kunna, ka sake gwadawa, saboda akwai kurakuran da ba sa fitowa sai a lokacin tashi, musamman idan autofs ya riga rezo ko SSSD shiryawa.

Idan abin ya ƙi

Ka fara raba matsalar gida biyu, ta NFS ce ko ta autofs. Ka ɗora foldar da hannu: `mount -t nfs nfs-zinder:/export/home/maaji /mnt`. Idan wannan ya ƙi, babu ruwan taswirarka, ka duba ko uwar garken ta ba wannan kwamfuta izini a `/etc/exports`, da ko ƙofa ta 2049 a buɗe take. Idan ya yi aiki, ka sauke shi, ka tsayar da sabis ɗin, ka kunna `automount -f -d` a tasha ɗaya, ka nemi foldar daga wata tashar, ka karanta abin da yake faɗa layi bayan layi. Zai gaya maka fayil ɗin da ya karanta, da mabuɗin da ya nema, da umarnin ɗorawar da ya bayar. Ka kuma sani cewa autofs yana tuna mabuɗin da ya gaza na tsawon daƙiƙa 60 bisa tsarinsa na asali, don haka wanda ya gyara kuskure ya sake gwadawa nan take zai iya ganin gazawar da ta riga ta wuce.

Inda wannan hanya ta tsaya

Gyaran kwamfuta ɗaya ko biyu abu ne mai ma'ana. Idan ka wayi gari kana kwafar fayil iri ɗaya zuwa kowace kwamfuta a reshen, to ba togiya kake yi ba kuma, kana gina cibiya ta biyu ce da hannu, wadda babu wanda ya san da ita sai kai. FreeIPA yana da maganin wannan a cikinsa, domin yana ba da damar a ware taswirori bisa wuri. Masu kula da cibiya za su ƙirƙiri wuri da `ipa automountlocation-add zinder`, su zuba masa taswirorin da ke nuni ga uwar garken reshe, kowace kwamfuta a nan kuma a haɗa ta da `ipa-client-automount --location=zinder`. Ga foldar da ake karantawa kawai wadda ke da kwafi a wurare biyu, layi ɗaya ma yana iya ɗaukar uwayen garke biyu, kamar `nfs-zinder(1),nfs-yamai(5):/export/kayan-aiki`, inda ƙaramar lamba ke nuna wadda aka fi so.

Ranar da aka koma irin wannan tsari, ko ranar da kwamfutar ta canza hannu, janye gyaran yana bin sawun yadda aka yi shi ne a juye. Mai foldar ya fita, a mayar da fayilolinsa daga `/srv/gida` zuwa uwar garke da `rsync`, ana lura da cewa tsohon kwafin da ke can ya tsaya ne a ranar da aka raba su, don haka sai an duba wanne ne sabo kafin a rubuta wani a kan wani. Sannan a goge fayil ɗin da ke `/etc/auto.master.d`, a goge `/etc/auto.home` shi ma, domin idan aka bar shi kuma `files` na gaba a jerin tambaya, layin cibiya mai cewa `auto.home` zai iya faɗawa kansa ya ci gaba da bin tsohon gyaran. Daga nan a sake kunna autofs, a kwatanta abin da `automount -m` ya nuna da fayil ɗin nan da aka ajiye a `/root` tun a matakin farko.